Ranar da Za a Ga Malam Zurƙe da Ido

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Maraɗi ya san Magama, domin nan ne, a ƙasar Jibiya, mota ke yin tsayawarta ta ƙarshe a Nijeriya, ma'aikatan kwastan su leƙa kaya, na shige da fice su duba takardu, kafin a sallami matafiyi ya ƙarasa Ɗan Isa, inda jandarmomin Nijar ke jiransa da tasu tambayar. Abin da ke bi ta wannan ƙofa sananne ne ga kowa, hatsi ne da dabbobi, dabino da kanwa, atamfa da robobi, da sauran abin da kasuwar Jibiya ke ci ranar Lahadi. Amma akwai wani kaya wanda bai taɓa hawa sikeli ba, ba a kuwa taɓa yanka masa rasit ba, alhali ya riga dukansu sanin hanyar, watau labari. Da can a bakin fatake yake tafiya, daga baya ya shiga aljihun ɗan makaranta cikin littafi, sa'an nan ya koma kaset da faifai, yau kuwa ga shi cikin 'yar memorin waya wadda ba ta kai farce ba. Ko a sa'ad da aka rufe iyakar a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a 2022, da kuma sa'ad da aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, manyan motoci sun yi ta kwana a layi, amma fim ɗin da aka saki a Kano bai fasa isa Maraɗi ba.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne, domin mutanen da ke wannan gefe da wancan jama'a ɗaya ce, tun lokacin da sarakunan Haɓe suka bar birnin Katsina a zamanin jihadi suka kafa mulkinsu a Maraɗi a farkon ƙarni na 19, har yau kuwa sarkin can da sarautar Katsina ake kiransa. Abin da Turawa suka iya rabawa shi ne makaranta. Yaron Jibiya an sa masa Magana Jari Ce a hannu tun yana firamare, ya girma ya rubuta jarrabawa a kan Ruwan Bagaja; ɗan'uwansa na Madarunfa kuwa da Faransanci aka fara masa boko, saboda haka galibi ta kunne labaran suka shige shi, ko dai wani ya karanta masa, ko ya ji ana karantawa a rediyo, ko kuwa a waya a wannan zamani. Yanzu da hukumomin Nijar suka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, ana sa ran masu karatun can za su ƙaru, amma dai har yau, idan aka zauna hira a inuwar wata mota a Magama, za a tarar da mutum iri biyu, wanda ya san Alhaji Imam, jarumin Ruwan Bagaja, a takarda da wanda ya san shi a murya, kowannensu kuma yana ɗauke da surarsa a zuci, ba zai yarda a musanya masa ita ba.

To, a irin wannan zama ne tambayar kan taso, musamman idan an gama kallon wani fim na ƙasashen waje wanda aka fassara da Hausa, mai macizai masu rikiɗa, da dodanni, da birane a sararin sama. Sai ka ji wani ya ce, mu fa, ina namu? Ina Gandoki, ina Iliya Ɗan Maiƙarfi, ina Ruwan Bagaja? Me ya hana 'yan fim na Kano su ɗauko waɗannan littattafai su yi musu aiki na ƙasaita, wanda za a nuna wa duniya? Tambaya ce ta ƙauna, kuma ni ma ina cikin masu yin ta. Sai dai duk wanda ya saurari amsoshin da ke biyo bayanta zai gane cewa masu jiran wannan fim ba fim ɗaya suke jira ba, kuma wanda zai ɗauki nauyinsa ya kamata ya san haka tun bai kunna kyamara ba.

Kafin a shiga saɓanin, ya kyautu a tuna asalin littattafan, domin ƙasar Katsina tana da haƙƙi babba a cikinsu. A 1933 ne Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zagaya garuruwan Arewa yana kiran malamai su gwada rubuta ƙagaggun labarai da boko, abin da a lokacin da yawa suke ganin bai dace da mai ilmi ba, tun da alƙalami na gaskiya ne, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara bayan isha'i. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Gandoki na yayansa Muhammadu Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, yana kuma koyarwa a Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta nasa, yana ɗan shekara 22. Bello Kagara ma a Katsina ya koyar, ya yi alƙalanci, har ya zama Wali. Magana Jari Ce, juzu'i uku, ta biyo baya daga 1937 zuwa 1939, shekarar da Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Iliya Ɗan Maiƙarfi kuwa ya fito a 1951 daga alƙalamin Ahmadu Ingawa. Saboda haka idan mutumin Jibiya ya ɗaga murya a kan yadda za a yi da waɗannan littattafai, a kan kayan gidansu yake magana.

Dattawa, musamman tsofaffin malaman makaranta, buƙatarsu ɗaya ce, kada a taɓa kome. Suna so a fara Ruwan Bagaja daga Koje Sarkin Labari yadda littafin ya fara, a kai shi Kwantagora, a zaunar da shi gaban Alhaji Imam, sa'an nan a bi tafiyar gari gari, ba a tsallake ko ɗaya ba, tun daga ranar da aka wulakanta wani Liman a fada saboda ya ce ruwan Bagaja ne maganin ciwon ɗan sarki, har ranar da Alhaji ya komo da ruwan daga ƙasar aljannu. Kalmarsu a kullum ita ce, “Ai ba haka yake a littafi ba.” Suna kuma da ma'auni a hannu, domin da yawansu sun kalli Magana Jari Ce da gidan talabijin na NTA Kaduna ya shirya a shekarun 1980, inda irin su marigayi Kasimu Yero suka fito, kuma ko da yake kayan aikin wancan lokaci ba su kai na yanzu ba, abin da ya zauna musu a rai shi ne natsuwar fada, da nauyin rawani, da yadda magana ke fita daga bakin ɗan wasa da cikakkiyar Hausa. Samari kuwa wani wuri hankalinsu yake. Idan dattijo ya gama bayaninsa, sai ka ji saurayi ya ce, “Baba, duk wannan mun ji, amma aljannun fa? In dai za a shafa wa mutum gari a fuska a ce aljani ne, gara a bari.” Su abin da suke jira shi ne siddabarun kwamfuta wanda zai kai na Indiya da Amurka, don kada a yi musu dariya. Can gefe kuma ga mai zuba kuɗi, wanda tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 har zuwa yau kasuwa ta koya masa cewa fim ba soyayya, ba rawa da waƙa, da wuya ya mai da uwar kuɗi.

Irin wannan jayayya ba a kanmu aka fara ta ba. Sa'ad da Peter Jackson ya ɗauki littafin Tolkien, The Lord of the Rings, ya mai da shi fim kashi uku daga 2001 zuwa 2003, masoyan littafin sun yi ta ƙorafi tun kafin su ga kome, suka ƙara da suka tarar an cire wani mutum mai suna Tom Bombadil ɗungurungum. Duk da haka kashi na uku ya ci kyautar Oscar 11, kuma mutane masu ɗimbin yawa ta dalilinsa suka nemi littafin. Malamanmu ma sun daɗe da sanin asalin mas'alar, ko da yake a fagen da ya fi wannan daraja nesa ba kusa ba, watau hadisi, inda suka yi bahasi a kan riwaya da lafazi da riwaya da ma'ana, jamhuru suka halatta ta biyun, amma da sharaɗin mai yin ta ya kasance masanin harshe ne ƙwarai, wanda ya san abin da ke sauya ma'ana da abin da ba ya sauya ta. Fim kuwa, ko an so ko an ƙi, riwaya ce da ma'ana, domin abin da marubuci ya faɗa da jimla ɗaya yana iya cin yini guda ana ɗauka, abin da ya shimfiɗa a shafi uku kuma wani kallo ɗaya na ɗan wasa yana iya wadatar da shi. Tambayar da ta rage ita ce ta sharaɗin, watau ko mai riwayar ya san harshen.

A nan ne nake ganin dattawanmu, duk da girman hujjarsu, sun manta da wani abu game da mutumin da suke karewa. Abubakar Imam shi kansa mai ɗauko labari ne daga wani gida ya kai wani. Bai ɓoye ba cewa dabarar haɗa mutum biyu masu wayo, kowa na neman ya kayar da ɗan'uwansa, daga Maƙamatul Hariri ya gano ta, littafin da almajiran ilmi a zaurukan Katsina da Kano da Zariya suka daɗe suna haddacewa don lugga. Inda Hariri ya sa Abu Zaidi da Harisu, shi ya sa Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, ya tufatar da su da riga da hula irin tamu, ya sa musu wayo irin na kasuwanninmu. Da aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya a 1936 don ya rubuta Magana Jari Ce, an tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiya da Turai, ya karanta Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, ya narkar da su, har ya zamana yaro a Ɓatsari ko Kaita yana karanta labarin Kalala da Kalalatu bai taɓa zaton a wata ƙasa aka haife shi ba. Akun nan ma da ke tsare ɗan sarki da labari dare bayan dare, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, asalinsa daga hikayoyin aku na Indiya da Farisa yake. Haka Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin Rasha, Ilya Muromets, gurgun da ya miƙe ya zama sadauki, ya musuluntar da duniyarsa, Vladimir na Kiev ya koma Sarki Waldima na birnin Kib. Da waɗannan malamai sun tsaya a kan cewa ba haka yake a littafi ba, da ba mu sami ko ɗaya daga abin da muke taƙama da shi ba.

Amma fa kada samari su yi murna da wuri, domin wannan hujja ba ta ba kowa izinin ya yi abin da ya ga dama ba. Muna da wata al'ada a adabinmu wadda ta fi kowace dacewa da aikin mai fim, watau tahamisi. Mawaƙi yakan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya gabatar masa da ɗango uku nasa su zama biyar, kamar yadda Ibnu Muhibu ya yi wa Ishiriniyar Alfazazi, wadda ake rerawa a ƙasar Hausa har gobe. Mai tahamisi yana ƙari, ƙarinsa ma ya fi asalin yawa, amma ba shi da ikon fita daga baharin mai waƙar ko ƙafiyarsa, kuma ɗangayensa duka hidima suke yi wa na asali, suna share musu hanya, har idan an iso gare su mai sauraro ya ji sun ƙara haske. Wannan shi ne abin da masu karatu ke da haƙƙin nema daga darakta. Ya ƙara abin da ido ke buƙata, ya rage abin da lokaci ba zai ɗauka ba, amma ya san baharin Imam. Baharin Imam kuwa, a ganina, magana ce da raha, aljannu daga baya suka zo.

A duba wurin da kusan duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja yake fara tunawa. Alhaji ya sauka a wani gari na mutane masu ƙarancin sani, ya yi shigar babban malami, ana ta kawo masa sadaka, sai ga Malam Zurƙe, wanda shi kam ya yi karatu da gaske, ya zo ya nemi su gwada ilmi a bainar jama'a. Alhaji ya tsuguna ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa, ya ce a faɗi ko mene ne. Zurƙe ya bi haruffan da suka yi kama da shi ɗaya bayan ɗaya yana ambata, Alhaji yana musawa, daga ƙarshe ya ce ai jinjirin wata ne ranar tsayuwarsa, jama'a suka duba suka ga lalle haka ne, aka yi wa mai ilmi ature. Wannan wuri ba ya buƙatar kwamfuta, ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Abin da yake buƙata shi ne dandali, da ƙasa mai laushi, da taron ƙauye, da 'yan wasa biyu waɗanda suka san lokacin magana da lokacin shiru. A cikinsa kuma akwai abin da ya sa littafin ya wuce shekara 90 bai tsufa ba, domin mai kallo zai yi dariya har ya riƙe ciki, sa'an nan daga baya ya tsargu, ya tuna sau nawa aka kori mai sani a garinsu aka rungumi mai baki. Mafi yawan littafin haka yake, ramuwa bayan ramuwa tsakanin mutum biyu, a kasuwa da gidan alƙali da kurkuku, ƙasar aljannu kuwa sai can kusa da ƙarshe. Daraktan da ya zuba dukiyarsa a kan ƙarshen ya yi sakaci da tsakiyar, ya sayar da littafin da araha.

Akwai kuma wahalar da ba kowa ke lura da ita ba, watau cewa Alhaji ne da bakinsa yake ba da labarin, kuma rabin daɗin yana cikin yadda yake yabon kansa, yana ƙawata zambarsa, mai karatu yana jin sa yana kuma shakkar sa. Kyamara ba ta iya wannan da sauƙi, domin abin da ta nuna ya zama ya faru. Mai hikima zai riƙe zauren Kwantagora, ya riƙa komawa can lokaci lokaci, a ga tsohon Alhaji yana magana, a ga fuskar Koje da ta masu sauraro, don kada muryar ta ɓace. Wannan ne ma zai haɗa masu karatu iri biyun nan na bakin iyaka, domin wanda ya san labarin ta kunne muryar yake nema kafin kome.

Batun harshe kuwa tarihi ya riga ya yi mana gargaɗi a kansa. Abdoulaye Mamani na Nijar ya rubuta littafin Sarraounia a 1980, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim mai ƙarfi wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, Sarauniyar Aznan ƙasar Hausa ta fito ba da Hausa take magana ba. Fim ɗin Amina da ya hau Netflix a 2021 galibinsa da Ingilishi aka yi shi, Hausawa da yawa kuwa suka kalla suka ce ba su ga Zazzau a ciki ba. A ɗaya gefen ga Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 da Hausa tsantsa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Faifansa ya ɓace wa jama'a shekaru masu yawa, sai da aka gano shi aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018, baƙi suka zauna suna karanta fassara a ƙasan allo, ba wanda ya ce Hausar ta hana shi fahimta. Littafin Imam ya fi waɗannan duka buƙatar harshensa, domin a Shaihu Umar ƙissar kanta tana iya tsayawa ko da an fassara ta, amma Zurƙe in an raba shi da Hausarsa babu abin da ya saura. Ba kuma kowace Hausa ba, domin ta fina-finan birni ta yanzu, wadda ake tsarma mata Ingilishi a kowace jimla, ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba. Kunnen mutanen Katsina da Maraɗi kuwa yana da saurin kama baƙuwar magana a bakin wanda aka ce mutumin da ne.

Sai mas'alar da ta fi kowace nauyi, wadda masu ɗokin fim ɗin ba su cika ambata ba. Kakanninmu sun karanta labarin mutumin da ke shigar malamai yana cin dukiyar jahilai, mai ƙarya, mai zamba, wanda kuma shi ne jarumin littafin, suka yi dariya, ba su ga an ci mutuncin ilmi ba, domin sun san marubucin ɗan malamai ne, kuma sun gane cewa malaman ƙarya yake yi wa tsiya. Abin da ido ya gani kuwa hukuncinsa dabam ne da abin da aka karanta a ɗaki. Ranar da aka ga ɗan wasa da rawani da tasbaha yana damfarar mutane a allo, aka yanko minti ɗaya daga ciki aka watsa a Facebook ba tare da gabansa da bayansa ba, lalle za a sami masu cewa an yi wa malamai izgili. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano kuwa, wadda aka kafa a 2001, dole ta saurari irin wannan kuka. Abin da nake tsoro shi ne furodusa ya ji tsoro tun da wuri, ya wanke Alhaji tas, ya mai da shi salihin bawa mai neman magani, ya bar wa Zurƙe dukan mugunta. In aka yi haka an kashe littafin, ko da ba a tsallake gari ko ɗaya ba. Magani shi ne a shigo da malamai na gaskiya cikin shawara tun ana rubutu, waɗanda suka karanta Hariri suka san cewa adabin Musulunci ya daɗe yana fallasa mai cin abinci da addini ta hanyar raha.

Aljannu ma suna da nasu hukunci. Mu a aƙidarmu halitta ce ta gaibu, ba a ganin su a surarsu, kuma abin da ke sa gashin jikin Bahaushe ya tashi shi ne guguwa da tsakar rana, da tsamiya a bayan gari, da baƙon da ya yi sallama aka waiwaya ba a gan shi ba. Daskin Da Riɗi, wanda kamfanin Sarauniya ya yi daga tatsuniya a ƙarshen shekarun 1990, ya shiga zukatan mutane da kayan aiki kaɗan ƙwarai, saboda ya san wannan. Dodo mai ƙaho da aka ƙera a kwamfuta don a yi gasa da Amurka, in kuɗin bai kai ba abin dariya zai zama, in ma ya kai, baƙo ne.

Game da kuɗi, gaskiya ɗaya ce mai ɗaci, kuma ta shafi masu jiran fim ɗin kai tsaye. Rumfunan masu tura fina-finai a waya, irin waɗanda ke kowace tasha daga Katsina har Maraɗi, su ne suka kai Hausa inda sinima ba ta taɓa zuwa ba, amma ɗan abin da ake biya a can, naira ce ko sefa, da wuya ya koma hannun wanda ya yi fim ɗin. Mai son a yi masa aiki na ƙasaita, ya kuma karɓe shi kusan kyauta a memori, yana neman abu biyu da ba sa haɗuwa. La'alla mafita tana cikin fim mai dogon zango, irin wanda ake saki kashi kashi a YouTube da tashar Arewa24, tun da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce dama a yanke suke, kowane gari da labarinsa, kowane dare da hikayarsa, kuma an ga yadda jama'a suka riƙe Daɗin Kowa da Izzar So shekara da shekaru. Wajibi ne kuma a nemi izinin iyalan marubutan da na kamfanin NNPC na Zariya mai buga littattafan, a biya su haƙƙinsu, domin amana tun daga nan take farawa.

Wurin ɗauka bai kamata ya zama matsala ba in Allah ya ba da zaman lafiya. Mai Martaba, wanda Nijeriya ta aika gasar Oscar a 2024, a Daura aka ɗauke shi, ya kuma nuna cewa ana iya tara dawaki da jama'a a yi fim na sarauta da Hausa wanda ba za a ji kunyarsa ba. Ga hasumiyar Gobarau, ga sauran ganuwar Katsina, ga tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyansa, ga duwatsu da dazuzzukan yammacin Katsina, waɗanda da sun dace da tafiyar Alhaji ƙwarai, ba don ta'addancin 'yan bindiga ya hana manomi ma shiga gonarsa a wurare da yawa na Jibiya da Ɓatsari da Safana ba. Da za a nemi shawarata, da Ruwan Bagaja za a fara, domin jarinsa 'yan wasa ne da marubuci, sa'an nan Magana Jari Ce, wadda babbar wahalarta ita ce yadda za a sa aku ya yi magana mutane su saurare shi da girmamawa. Gandoki kuwa a jinkirta shi tukuna. Rabinsa na farko tarihi ne na gaske, da Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, da faɗuwar Kwantagora a 1901, da Burmi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, kuma jikokin waɗanda suka halarci waɗannan wurare suna nan da ransu, za su duba kowace tuta da kowane sirdi. A rabinsa na biyu ne Gandoki ya tsallaka ƙasashen aljannu tare da ɗansa Garba Gagare. Wannan aiki yana son ɗaruruwan mahaya, da lifidi da sulke, da yardar masarautu, da malaman tarihi a gefen darakta, kuma ya fi dacewa ya zo a hannun ƙungiyar da ta riga ta gwada kanta a kan littafin ƙanen kafin ta taɓa na yayan.